Yarinyar Da Ta Ce Ba Ta Isa Aure Ba

Yau maganarmu a kan 'yan mata ce, waɗanda a kan ɗaura wa aure tun suna ƙanana, su kuwa su ƙi. Wata ta gudu gidan kakarta, wata ta kai kuka wurin malamin makaranta, wata ta tafi wurin dagaci. A ƙauye a kan ce da irin wannan yarinya mai taurin kai, a kama ta a mayar da ita ɗaki. To, mu ma'aikatan lafiya muna roƙonku, kafin a ɗauki bulala a tsaya a ji ta bakinta, gama sau da yawa abin da ta ke gudu shi ne mu ke gani a asibiti bayan shekara guda.

Ga yadda abin ya ke. Yarinya ta kan fara jinin al'ada tun ƙashin ƙugunta bai gama buɗewa ba. Ƙugu ya kan ci gaba da girma shekaru bayan haka, balle ga wadda ba ta samun abinci isasshe, ko wadda zazzaɓin cizon sauro ya ke kayarwa kowace damina. Watau tana iya ɗaukar ciki, amma hanyar da ɗa zai bi ta yi masa kaɗan. In naƙuda ta zo sai kan jariri ya tokare. Ta kwana biyu ko uku a durƙushe, kan yana danne mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu. Bayan 'yan kwanaki sai ya zube ya bar ƙofa, fitsari ya dinga zuba dare da rana. Wannan shi ne yoyon fitsari. Galibi ɗan ba ya zuwa da rai, wani lokaci kuma ƙafar uwar ta shanye. Hakanan jijjiga, wadda ke zuwa da hawan jini da kumburin fuska da ƙafafu, ta fi kama ƙananan mata masu cikin fari.

Wannan magana an gwada ta a ƙasarmu. A Zariya, wani likita mai suna Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi lissafin haihuwa 22,774 daga 1976 zuwa 1979. Suka tarar 'yan mata masu shekara 15 zuwa ƙasa suna cikin waɗanda suka fi mutuwa wurin haihuwa, musamman waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba. Suka kuma ga wani abu: ƙananan masu cikin fari da aka ba maganin zazzaɓi da na ƙarin jini, da yawansu sun ƙara tsawo suna da cikin. Ashe ita kanta ba ta gama girma ba, ita da ɗan cikinta suna rabon abinci ɗaya.

Mun san uba ba ya aurar da 'yarsa don ƙiyayya. Wani rumbunsa ya ƙare tun kafin shuka, wani bashi ya yi masa katutu, wani kuwa tsoron abin kunya ya ke yi. Duk mun ji. Amma a yi lissafi har ƙarshe. In cutar ta same ta, sau da yawa miji ya kan sake ta, ta komo gidan uban nan da ya ke neman sauƙi, ga kuɗin mota zuwa asibiti, ga sabulu da tsumma kullum, ga ta ba ta iya shiga mutane saboda zarni. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Ku ji labarin yara biyu. A Jamhuriyar Nijar, inda wajen mata uku cikin huɗu ke yin aure kafin shekara 18, akwai Balkissa Chaibou. Tana shekara 12 ta ji an yi wa ɗan'uwanta alkawarinta. Da ta kai 16 aka tasar wa biki, sai ta kai kuka wurin shugaban makarantarsu, maganar ta kai har gaban hukuma, aka fasa auren. Ta koma makaranta, daga baya ta shiga karatun likita. Ta biyu kuwa a ƙasar Gaya ta Kano ce, a 2014. Yarinya 'yar shekara 14, an kai ta ɗakin mutumin da ba ta so, aka zarge ta da zuba maganin ɓera a abinci, mijin da mutum uku suka mutu. A 2015 hukuma ta janye ƙarar. Ta farkon ta sami babba da ya saurare ta tun da wuri, ta biyun ba ta samu ba. Dokar kare haƙƙin yara da Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ta kafa a 2003 ta sa shekara 18 don aure, ko da ya ke jihohi su kan yi tasu dokar.

To, me za a yi?

Na ɗaya, in 'yarka ta ce ba ta so, ka sa uwarta ko gwaggonta ta zauna da ita a hankali, ban da duka. In an riga an karɓi kayan mutane, a nemi a ɗaga biki, dattawa su shiga tsakani.

Na biyu, malamin makaranta, da dagaci, da malamin asibiti, in yarinya ta gudo gare ku kada ku kore ta. Ku kira uban ku yi masa bayani, ku sanar da ma'aikatan jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma.

Na uku, wadda aka riga aka aurar, a je da mijinta asibiti a nemi shawara yadda za a jinkirta ciki har jikinta ya yi ƙwari. In ta riga ta ɗauka, a kai ta awo tun watannin farko, ta sha maganin ƙarin jini, ta kwana cikin gidan sauro, haihuwar fari kuma lalle a asibiti. In naƙuda ta kai awa 12 ba a haihu ba, a nemi mota nan da nan, kada a jira gari ya waye. Kada a yarda a yi mata yankan gishiri, gama aska ita ma ta kan huda mafitsara.

Na huɗu, wadda yoyon ya riga ya sama kada a ɓoye ta a bayan ɗaki. Ba maita ba ce, ba aikin iska ba ne, kuma ana ɗinkewa, yawanci su warke. Akwai asibitin Babbar Ruga a Katsina, da cibiyar Laure Madaki a asibitin Murtala na Kano, da ta Danja kusa da Maraɗi. Malamin asibitin garinku zai rubuta muku takarda.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa wannan takarda. Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana zuriya. Sai mako mai zuwa.