Kiwon Tsutsa a Gida da Amfaninsa



An ba ni 'yan mintoci in yi magana kan wani aiki da nake yi bayan tashi daga ofis, wato kiwon tsutsa a cikin kwalba. Na san wasu za su yi dariya, amma ina roƙon ku saurara, domin abin ya shafi gonakinmu da 'ya'yanmu.

Malam-buɗe-littafi kowa ya san shi, amma yana da 'yan'uwa na dare, waɗanda ke kewaya fitila da damina, kuma sun fi shi yawa nesa ba kusa ba. Asu mai cin tufafi ma ɗayansu ne. Na rana yakan haɗe fikafikansa a tsaye in ya sauka, na dare kuwa galibi shimfiɗa su yake yi. Dukkansu daga ƙwai suke farawa, su zama tsutsa, su yi kwanci, sannan su fito da fikafikai.

Kiwon ba ya buƙatar kuɗi. A sami kwalba mai faɗin baki, a zuba ƙasa mai ɗan laima kamar tsawon yatsa, domin da yawa daga cikin na dare a cikin ƙasa suke kwanci. A rufe bakin da yanki mai shara-shara, a ajiye a inuwa, nesa da tururuwa. Babban sharaɗi shi ne a ba tsutsar ganyen da aka same ta a kai, sabo kullum, don da yawa sun gwammace yunwa da baƙon ganye. Gizaka kuwa kada yara su taɓa ta da hannu, saboda ƙaiƙayi. Mai son na rana ya duba tumfafiya, zai sami tsutsa mai zanen baƙi da fari da rawaya, wadda cikin wata guda za ta zama malam-buɗe-littafi mai ruwan goro. Sai dai a kiyaye ido daga nonon tumfafiya.

To, mene ne amfanin wannan? A 2016 wata baƙuwar tsutsa daga nahiyar Amurka ta bayyana a Nijeriya tana cin zuciyar masara. A shekarar ne kuma wadda manoma suka laƙaba wa suna Sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna. Duk biyun 'ya'yan na dare ne. Ta masarar tana da ɗigo huɗu baƙaƙe kusa da wutsiya, kuma wanda ya taɓa kiwon ta zai gane ta tun tana ƙarama, lokacin da magani ke cin ta. Wanda bai sani ba kuwa feshi yake yi kan mai uwa da wabi, ya kashe kuɗinsa, ya kashe har da zuma da ƙananan zanzaro masu cinye masa tsutsar.

Haka kuma ba dukkansu ne abokan gaba ba. Zaren tsamiya da masu ɗinki ke yi wa babbar riga aiki da shi, daga gidan wata tsutsar daji ake samun sa. Wasu manyan na dare kuma su ke kai garin fure daga wannan gwanda zuwa waccan.

Saboda haka ina ba ƙungiya shawara ta saya wa ɗakin kimiyya na makarantarmu kwalabe ashirin da farin ƙyalle da fitila. In aka rataya ƙyallen da dare aka haska shi, ɗalibai za su ga iri-iri, su rubuta kwanan wata da kamannin kowane. Mu ma iyaye mu gwada a gida, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.