Hanyar Tumbutu Daga Damagaram: Jiya Da Yau

(Jawabin da wani ɗan ƙungiya, malamin makaranta, ya yi a taron wata. An buga shi don waɗanda ba su samu zuwa ba.)

 

An ɗora mini in yi bayani a kan Tumbutu, saboda maganarta ta taso ta fuska biyu. Wasu dattawa suna da niyyar ziyarar waliyyai kafin ƙarfi ya ƙare. Wasu samari kuma suna jin labarin zinari a ƙasar Gao, ƙafarsu tana ƙaiƙayi. Duka biyun hanya ɗaya za su bi, don haka ya kamata mu san ta.

1. Ina ne Tumbutu?

Tumbutu tana cikin ƙasar Mali, a bakin hamada ta kudu, inda kogin Isa, wanda mutanen Najeriya ke kira Kwara, ya yi gwiwa ya shiga cikin rairayi. Tsakanin garin da ruwa akwai wajen kilomita 15, kuma tsohuwar tasharta ta jiragen ruwa ita ce Kabara. Buzaye suka kafa ta wajen shekara ta 1100. Arzikinta ya samu ne don nan raƙumi ke saduwa da kwalekwale: gishirin Tawdeni ya sauko daga arewa, hatsi da zinari su hau daga kudu. Wanda ya san yadda ayarin Bilma ke shigowa ƙasarmu da kantu da dabino, ya koma da gero, ya san irin wannan ciniki.

Masallatai uku ne darajar garin. Akwai Jingarebar, wanda aka gina wajen 1327 bisa umurnin Mansa Musa bayan ya dawo daga hajji, sai Sankore inda aka yi babbar makarantar ilmi, sai Sidi Yahaya. Mutanen garin suna kiransa birnin waliyyai 333.

2. Me ya haɗa mu da su?

Zumuncin tsoho ne. Shehu Magili, wanda ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya zarce Gao ya yi wa Askiya Muhammadu nasiha. Kakan Ahmadu Baba, babban malamin Tumbutu, ya karantar a Kano. Ɗan Takum ya yi karatu a Tumbutu, ya zo ya zama alƙalin Katsina. Har yau mutanen bakin kogi suna kiran gaɓar da ke wajenmu Hausa, ta ƙetare kuma Gurma.

Akwai kuma ɗan ƙasarmu da ya taka can da ƙafarsa. Sunansa Dorugu, an haife shi a Dambanas, wajen Kance. Aka kama shi bauta yana yaro, daga baya aka ƴanta shi, ya bi Baturen nan Bajamushe, Barth, wanda ake kira Abdulkarim. Sun tashi daga Zinder ƙarshen Janairu 1853, suka bi ta Katsina, Sakkwato, Gwandu, suka ƙetare kogi a Sayi. Ba su shiga Tumbutu ba sai ran 7 ga Satumba, wata bakwai da ɗoriya ke nan. Barth ya tarar ana sayar da tufafin Kano a kasuwar garin. Amma yawancin kayan sai sun yi arewa ta Gat da Tuwat kafin su gangaro Tumbutu, don fatake sun fi yarda da doguwar hanya mai lafiya bisa gajeriya mai ƴan fashi. Ina roƙon samari su riƙe wannan. Shi kansa Barth bai fita garin da rai ba sai don Shehu Ahmadu Bakkayi ya tsaya masa. Baƙon da ba shi da mai masauki abin tausayi ne.

3. Yadda hanyar take

Zango na farko daga Zinder zuwa Yamai ne, kusan kilomita 900 na kwalta: Takeita, Tasawa, Maraɗi, Madawa, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso. Wanda ya shiga kar da asuba yakan isa da dare.

Zango na biyu daga Yamai zuwa Gao, wajen kilomita 450, kogi yana hannun hagu: Tilaberi, Ayoru, iyaka a Labbezanga inda duwan da jandarma suke, sai Ansongo. A Gao akwai kushewar Askiya, ginin ƙasa mai tsawon mita 17, wanda aka yi a 1495.

Zango na uku daga Gao zuwa Tumbutu, sama da kilomita 400, kuma hanya biyu ce. Ta tudu tana bi ta Burem da Bamba, rairayi ne, sai mota mai ƙarfi da direban da ya san ƙasa. Ta ruwa kuwa tana da lokaci, don manyan jirage ba su tafiya sai kogi ya cika, daga wajen Agusta zuwa ƙarshen shekara. In ruwa ya janye sai kwalekwale masu inji, kwana da kwanaki a kan buhuna.

Jimla wajen kilomita 1,800. Kuɗinmu ɗaya da Mali, sefa ce. Matafiyi yana bukatar katin ɗan ƙasa ko fasfo, da takardar allurar shawara, da gidan sauro don bakin ruwa. Lokacin da ya fi daɗi shi ne ɗari, daga Nuwamba zuwa Janairu, don bazarar can ta fi tamu tsanani.

4. Halin da ake ciki

Abin da na lissafa shi ne hanyar lokacin zaman lafiya, kuma lokacin nan ya gushe tun 2012. A shekarar nan ƴan bindiga suka kama Gao da Tumbutu, suka rushe ƙubbobin waliyyai 14. Da za su fita a Janairu 2013 suka cinna wa littattafai wuta a cibiyar Ahmadu Baba, aka yi hasarar wajen 4,000. Allah ya sa mutanen gari sun riga sun kwashe mafi yawa a ɓoye cikin akwatuna zuwa Bamako. Magina na garin sun sake tayar da ƙubbobin a 2015, kotun duniya kuma ta ɗaure wanda ya jagoranci rushewar shekara 9 a 2016.

Gini ya tashi, amma hanya ba ta gyaru ba. Tun 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a sassan jihar Tilaberi. Tsakanin Ayoru da Ansongo ana tare motoci, ana binne nakiya. A Agusta 2023 ƴan bindiga suka toshe hanyoyin shiga Tumbutu. Ran 7 ga Satumba 2023 aka harbi babban jirgin fasinja a kan kogi tsakanin Gao da Tumbutu, gwamnatin Mali ta ce farar hula 49 suka rasu. Ƙarshen wannan shekarar sojan Majalisar Ɗinkin Duniya suka bar ƙasar. Zango na biyu da na uku duka sun ratsa tsakiyar wutar.

5. Shawarata ga ƙungiya

Ga iyayenmu masu niyyar ziyara: malamai suna nan, sun fi ni sani, amma ko aikin hajji da yake farilla an sharɗanta masa amincin hanya, balle ziyara. Allah ya ga niyya. A dakata tukuna. Kuɗin guzuri in aka sa shi ga gyaran makarantar allo ta ƙauye, ko aka ɗinke tsofaffin littattafan da gara ke ci a zaurukanmu, an bi sawun malaman Tumbutu.

Ga samari: masu dawowa da babur su kuke gani, waɗanda rami ya rufe ko aka tare a daji ba su zuwa su ba da labari. Ramukan zinarin ƙasar Gao sun daɗe a hannun masu bindiga, su ke karɓar rabo. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ina roƙon taro ya amince da abu uku. Na ɗaya, duk wanda zai wuce Yamai ya nufi yamma ya gaya wa magatakarda, a rubuta sunansa, da inda za shi, da mai masaukinsa. Na biyu, kada asusun ƙungiya ya ranta wa kowa kuɗin motar wannan hanya sai ta lafa. Na uku, ƴan'uwanmu mazauna Yamai su riƙa aiko mana da labarin da suka ji daga bakin direbobin tasha, a karanta shi a kowane taro.

Sojan Maroko sun ci Tumbutu a 1591, suka kwashe malamanta, Ahmadu Baba ya yi shekara 14 a hannunsu, ya dawo ya tarar da garinsa. Garin da ya jure wannan zai jira mu. Ranar da hanya ta buɗe, sai mu haɗa kuɗi mu ɗauki mota guda, dattawa a gaba.

Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya maido da matafiya gida, ya ba mu damina mai albarka.