Bugun Ƙirji Ba Ya Ƙarewa a Fata

Masu sauraro, mutanen Magariya, Dungas da kewaye.

Yau zancen ƙirji za mu yi. Ɗan kabu-kabu ya faɗi, ƙirjinsa ya daki kan babur. Ko sa ya tunkuyi manomi. Ba jini, ba karaya. Sai a ce Allah ya kiyaye, a koma gida.

Jama'a, a cikin zuciya akwai bango da ya raba ɓangaren dama da na hagu. Bugu mai ƙarfi yana iya yaga shi. Wani lokaci ramin ba ya bayyana sai bayan kwanaki. Numfashi ya yi wuya. Gajiya ta yi yawa. Ƙafafu su kumbura.

Akwai magani. Likitocin zuciya kan zura siririn bututu ta jijiyar cinya har cikin zuciya. Su saki wata 'yar na'ura mai kama da lema, ta toshe ramin. Ba a tsaga ƙirji. Rami babba kuwa, sai tiyata.

Amma kafin nan, sai an gano shi. Wanda ƙirjinsa ya bugu, ku kai shi likita a saurari zuciyarsa. In numfashi ya canza, ku nemi a tura shi Babban Asibitin Damagaram a yi hoton zuciya. Kada ku jira.

Mu kwana nan. Allah ya ba mu lafiya.