Tashar Jirgin Ƙasa ta Zariya da Abin da ke Jiran Daura



Ta Zariya dogo ya bi ya isa Kano a 1911. Amma rassan da suka tsiro daga jikinta su suka ɗaukaka tashar Zariya. A 1914 ƙaramin layi ya kai Jos saboda kuza, aka rufe shi a 1957. A 1929 wani reshe ya ratsa Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda. Auduga da gyaɗa suka riƙa kwarara Zariya, daga nan a gangara da su Ikko. Sabon Gari ya cika da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa.

Mu nan Daura dogo bai zo mana ba a wancan zamani. Gyaɗarmu sai ta sha tafiya bisa jakuna da raƙuma kafin ta ga tarago a Kano. A 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, kuma ta Daura aka tsara ya bi. To jama'a, in ya iso me za mu loda? Riɗi? Wake? Fatu? Ina roƙon kwamitinmu ya zauna da manoma da 'yan kasuwarmu kan wannan kafin taron baɗi.