Jawabi a Kan Dodon Bango da Almakashi

  

Kun dai san abin da ya faru. An kama yara uku a soron makaranta da tsakar dare, sun lulluɓa da bargo guda, suna kallon wani tsohon majigi na ban tsoro a cikin wayar hannu, har ƙaraminsu ya kwana uku ba ya fita bayan gida sai da rakiya. Jam'iyya ta rabu biyu. Waɗansu suka ce a kore su. Waɗansu suka ce a'a, a naɗa mutum uku su riƙa duba abin da yara za su kalla, su yanke wurin da ya ɓaci, su bar saura. Maganar kora fushi ne, ya kuwa huce. Ra'ayi na biyu shi aka ɗora mini in yi magana a kansa. Na ce ba zan yi ba sai na gani da idona, domin malamanmu na usulu sun koya mana ba a yanke hukunci a kan abin da ba a san siffarsa ba. Na karɓi wayar, na kalli nasu, na nemo waɗansu uku irinsa na kalla. Wanda zai ce girma ya faɗi, na ji, na ɗauka.

Ban raina tsoron dattawanmu ba. Sa'ad da abin ya fara zuwa ƙasar nan, dodon bango suka kira shi. An buɗe gidan silima na Rex a Kano a 1937, kuma a 1951 wuta ta kama gidan El Duniya, mutum 331 suka rasu. Wanda ya yi jana'izar wannan rana ba za a zarge shi ba in ya ƙi abin har mutuwarsa. Amma almakashin da kuke shawara an riga an gwada shi a ƙasar masu abin, shekara da shekaru, kuma labarinsa na zo in ba ku.

Majigin da yaran suka kalla sunansa Frankenstein, na Amurka, na 1931, aikin wani Bature James Whale, an ɗauko shi daga littafin da Mary Shelley ta fitar a 1818. Labarin wani ɗalibin likita ne wanda ilmi ya hau wa kai. Ya riƙa tonon kaburbura da dare yana harhaɗa gaɓoɓin matattu, ya aiki baransa ya sato masa ƙwaƙwalwa, baran ya kayar da ta kirki, ya ɗauko ta wani mai laifi bai faɗa ba. Sa'an nan suka ɗaga gawar sama cikin hadari, tsawa ta sauka, hannu ya motsa. Nan take likitan ya yi kalmar saɓo, ya ce ya san abin da Mahalicci ke ji, Allah ya tsare mu. Da aka sāke fitar da majigin bayan 'yan shekaru, masu dubawa suka sa aka rufe kalmar da ƙarar tsawa. Niyyarsu ta yi kyau. Amma ku duba, ya malamai, dukan abin da ya biyo baya sakamakon wannan kalma ne. In an share ta, saura labarin haɗari ne kawai, kamar mota ta kife. Mu kanmu muna karanta wa yara abin da Fir'auna ya ce game da kansa, ba mu ɓoye ba, domin nutsewarsa ba ta da ma'ana sai da shi. Ba ina kwatanta wasan Nasara da Littafi ba ne, Allah ya kiyaye. Ƙa'idar nake nufi, cewa mai ba da labarin kafirci ba kafiri ba ne.

Yanka na biyu shi ya fi ba ni mamaki. Halittar nan, wadda Boris Karloff ya fito a matsayinta, ba ta magana, ba ta san kome ba, kamar jariri a jikin ƙato. Wanda ya yi ta ya juya mata baya, baran kuwa yana tsokanarta da bakin wuta. Da ta kuɓuce sai ta iske wata yarinya, Mariya, a bakin tafki. Yarinyar ba ta gudu ba. Ta kama hannunsa, ta ba shi furanni, suna jefawa a ruwa suna kallonsu suna yawo a kai. Shi ne karo na farko da ya yi murmushi. Furanni suka ƙare. Ya dubi hannunsa wayam, ya dubi yarinyar, ya ɗauka ita ma za ta tsaya a kan ruwa, ya jefa ta. Ta nutse. Ya ruɗe, ya ruga daji yana kaɗa hannu.

Hukumomin waɗansu jihohi, har da New York, suka ce ba a nuna mutuwar yaro. Na Kansas ma wuri 32 suka nema a cire. Aka yanke daga inda ya miƙa hannu wajenta. To, me mai kallo ya gani bayan yanka? Ya ga ƙato ya miƙa hannu wajen yarinya yana murmushi, sai duhu, sa'an nan uban ya ratso gari ana tsakiyar biki, ɗauke da gawarta, tufafinta a yamutse. Ba sai na faɗi abin da zuciya za ta raya ba, akwai yara a wurin nan. Kimanin shekara hamsin mutane suna kallonsa haka, sai a shekarun 1980 aka samo guntun aka mayar. Watau masu kunya sun cire kuskuren jahili, sun bar alfashar da mai majigin bai taɓa nufa ba, kuma sun sauke laifin daga kan likitan da ya yi halitta ya yar, sun ɗora wa halittar.

Wannan na dodanni ne. Na 'yan fashi kuwa labarinsu gajere ne. Amurka ta hana giya daga 1920 zuwa 1933, 'yan fasa-ƙwauri suka yi arziki, babbansu Al Capone na Shikago, wanda a 1931 aka ɗaure shi shekara 11, ba don kisa ba, don ƙin biyan haraji. A 1932 aka yi majigin Scarface a kan irinsa. Masu dubawa suka ce ya ƙawata ɓarna, kuma a nan gaskiyarsu, domin na kalla, na ga yadda ake sa bindiga mai aman harsashi ta yi wa saurayi kwarjini. Maganin da suka kawo shi ne a liƙa wa'azi a rubuce a farko, a ƙara wa sunan laƙabin kunya, a ɗauki wani ƙarshe dabam inda alkali ya sa a rataye shi. Paul Muni, wanda ya yi wasan, bai ma fito a wannan ƙarshe ba, wani aka tsayar daga nesa. Ina tambayar almajirai, in an yi muku tatsuniyar gizo ta sa'a ɗaya da rabi yana cin nasara, sa'an nan aka ce ƙurunƙus, gizo bai kyauta ba, wanne za ku tafi da shi gida?

Daga 1934 aka ƙarfafa dokar da masu majigin Holiwud suka rubuta wa kansu tun 1930, wadda wani limamin Katolika, Daniel Lord, ya sa hannu a tsara ta, aka ɗora Joseph Breen a kan zartarwa, ta ci gaba har 1968. Jigonta kada mai laifi ya ci riba. Da talabijin ta zo ita ma aka riƙe ta da irin wannan, sai Alfred Hitchcock ya nuna iyakar abin. A shirinsa da ya fara a 1955 akwai wani na 1958, inda mijin wata mata, ɗan sanda, ya ce zai rabu da ita, ta ɗauko cinyar rago da ta daskare a firij ta buga masa a ƙeya. Ta sa naman a wuta, abokan aikinsa suka zo suna neman makamin, ta roƙe su su ci abinci, suka cinye shaida tana dariya a ɗaki. Sai Hitchcock ya fito a ƙarshe, fuska a murtuke, ya ce ai daga baya an kama ta, don ta gwada a kan miji na biyu, naman kuwa ya riga ya narke. An cika doka, an kuma yi mata gwalo.

Na huɗu shi ya hana ni barci, kuma babu ɗigon jini a cikinsa. Sunansa harafi ɗaya, M, na Jamus, na 1931, aikin Fritz Lang. Wani mutum ne ke sace yara a birni. Ga yadda aka nuna kisan: uwa ta gama girki ta ajiye kwano, tana duban agogo. Yaran maƙwabta suka hawo, tata ba ta cikinsu. Ta leƙa matakala ta kira sunanta. Aka nuna matakalar ba kowa, aka nuna kwanon da kujera ba kowa, aka nuna ƙwallon yarinyar ya gangaro daga ciyawa ya tsaya, aka nuna balan-balan ɗin da mutumin ya saya mata ya maƙale a wayar sama. Shi ke nan. Mai almakashi ba zai sami abin yankewa ba, amma ni na tashi na je na ƙirga yaran soro.

Daga nan 'yan sanda suka matsa wa gari lamba har ɓarayi suka kasa sana'a, sai ɓarayin suka ɗauki mabarata su yi musu gadin tituna. Makahon da ya sayar da balan-balan ya gane mutumin da fiton da yake yi, wani saurayi ya rubuta harafin da alli a tafinsa ya buga masa a kafaɗa. Suka kai shi wani kango, ɓarayi suka kafa kotu. Peter Lorre, wanda ya yi wasan, ya durƙusa yana kuka, yana cewa su da zaɓinsu suke sata, shi kuwa wani abu ne ke korarsa daga ciki. Ga mas'ala ta fiƙihu tsantsa: shin mahaukaci ne ko mai hankali, kuma wa ke da ikon yanke masa hukunci, hukuma ko taron jama'a? Mu da muka sha ganin an yi wa wanda ake zargi da sata rubdugu a kasuwa kafin alkali ya ji, muna da abin tattaunawa a nan.

Saboda haka ban goyi bayan kwamitin almakashi ba. Abin da gininsa tsiraici ne ko jini don jini, a ƙi shi ɗungurungum, yanka ba ya tsarkake shi. Abin da ba haka ba, malami ya fara gani, in ya yarda a kalla da rana, a gabansa, cikakke, ya yi tambaya bayan an gama. Ƙanana kuwa su jira su girma. Mas'alar hoto kanta na bar wa waɗanda suka fi ni, a wani zama. Yaran uku laifinsu biyu ne, ɓoyewa da makara sallar asuba, a hore su a kan waɗannan, a bar su a makaranta.

Na kira ƙaramin na tambaye shi abin da ya firgita shi, ina zaton zai ce fuskar dodon da ƙusoshin wuyansa. Ya ce a'a, Malam, uban nan ne da ke tafe da 'yarsa a hannu ana ta kiɗa, ba wanda ya lura sai da ya zo tsakiya. Ya ce yana da ƙanwa kamarta a gida, gidansu kuwa a bakin kududdufi yake. Na rubuta wa mahaifinsa takarda, na ba shi izinin kwana uku ya je ya gan ta.

Wayar tana wurin shugaba. Mai son ya duba abin da na faɗa ya zo zaurena ranar Alhamis bayan la'asar, kafin a kaɗa ƙuri'a.