Mai Sanye Da Rigar Isuwa



Dukanmu mun san labarin Ishaku cikin Farawa sura 27. Idanunsa sun dushe, Yakubu ya sa rigar wansa Isuwa, ya rufe hannuwansa da fatar 'yan awaki. Tsohon ya ji muryar, hankalinsa bai kwanta ba, amma da ya shafa hannu ya sansana riga sai ya saki jiki. Irin wannan ruɗin ne ya kawo mu yau.

Tun 2012 da Jumia da Konga suka fara ciniki a Legas, da yawanmu muna sayayya ta intanet, har ikilisiyoyi na yin odar lasifika da batirin sola. 'Yan damfara sun lura. Sukan aiko da imel ɗauke da tambarin kamfani da launinsa, su ce an tsare kayanka sai ka biya ɗan kuɗin kawowa, ko za a mayar maka da wani kuɗi, ko za a rufe asusunka cikin awa 24. Tambari riga ce kawai, kowa na iya sa ta. Mu saurari muryar. A taɓa sunan mai aikowa, a karanta abin da ke bayan alamar @. In ya ƙare da gmail.com, ko an sauya harafi ɗaya cikin sunan kamfanin, ɓarawo ne. Da yake akan iya ɓad da adireshin ma, kada mu latsa komai cikin saƙon. Mu buɗe manhajar kamfanin da hannunmu, mu duba ko muna da oda.

Lambar PIN, lambobi 3 na bayan kati, da OTP da banki ke turowa a waya, ba a faɗa wa kowa. Ko fasto ne ya tambaya, a ce masa a'a.

Abin da ya fi damun mu shi ne kunya. A wata ikilisiyarmu ma'ajiyar zumuntar mata ta faɗa wannan tarko, kuɗin baiko kuwa na cikin asusunta. Kwana uku ta yi shiru tana kuka ita kaɗai, ɓarayin suna ta kwasa. Da laifinmu a ciki, mu dattawa, domin ta san irin maganar da za ta biyo baya. Wanda abin ya sama ya kira bankinsa nan take a toshe katin, ya sauya kalmar sirri, kada ya goge saƙon, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, ya kuma faɗa wa dattijo ɗaya. Dattijon ya raka shi banki, wa'azi ya jira.

Kuɗin ikilisiya kuma ya koma asusun ikilisiya mai sa hannun mutum biyu. Bayan sujada matasa za su zauna a bencin baya, kowa ya zo a rubuta masa lambar toshe katin bankinsa a takarda.