Kogi Amana Ne: Darasi Daga Mutanen Kogin Klamath

Jawabin da kwamitin muhalli ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya

 



Bana mun ga ya dace mu ɗan jingine maganar gyaran azuzuwa da rijiyoyin burtsatse, mu yi magana a kan kogi. Za mu fara da labarin wasu mutane na nesa, domin abin da ya same su ya yi kama da namu, kuma sun riga mu gano mafita.

A yammacin Amurka akwai Kogin Klamath, wanda ya taso daga jihar Oregon, ya ratsa arewacin Kalifoniya, ya faɗa Tekun Pasifik. Ƙabilun asali na ƙasar, irin su Yurok da Karuk, suna zaune a gaɓarsa tun kafin zuwan Turawa, kuma abincinsu da al'adunsu sun rataya ne a kan wani kifi da ake kira samon. Shi wannan kifi a kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya girma, sannan ya komo inda aka ƙyanƙyashe shi ya zuba ƙwai. Ba ya kuma jure ruwa mai ɗumi.

Tsakanin 1918 da 1962 aka gina madatsun ruwa huɗu a kogin domin samar da lantarki. Madatsun suka raba kifin da wuraren zuba ƙwai masu tsawon kilomita fiye da 600. Ruwan da aka tare ya riƙa ɗumama, gansakuka mai guba ta lulluɓe shi. A watan Satumba na 2002, bayan an karkatar da ruwa mai yawa zuwa gonakin rani, kogin ya ja baya, cuta ta ɓarke, aƙalla manyan kifaye 34,000 suka mutu, suka yi ta ruɓewa a gaɓa.

To, me mutanen suka yi? Da farko, ba su tsaya ga kuka ba. Sun sa masanansu auna zafin ruwa da ƙidaya kifi, har ya zama duk inda aka zauna da hujja a hannunsu. A 2003 'yan makarantar sakandare suka fara gudun tunawa da kifin, wanda ya zama na shekara-shekara. Na biyu, sun bi mai madatsun har gida. A 2004 wakilansu suka tafi Edinburgh ta ƙasar Birtaniya, wajen taron masu hannun jari na kamfanin ScottishPower, wanda a lokacin shi ke da kamfanin PacifiCorp mai madatsun. Da aka sayar da PacifiCorp ga rukunin kamfanonin attajiri Warren Buffett, sai suka koma birnin Omaha. Na uku, sun zauna da manoman rani, waɗanda a da suke kallon juna a matsayin abokan gaba, aka sa hannu a yarjejeniya a 2010.

Majalisar dokokin Amurka ta ƙi tabbatar da yarjejeniyar, amma ba su karaya ba. Aka sake tsari a 2016, hukumar tarayya mai ba da lasisi ta amince a Nuwamban 2022, aka fara rushewa a 2023, aka gama a Oktoban 2024. A cikin wannan wata aka ga samon a yankin Oregon na kogin, karo na farko tun 1912. Yanzu kifin na iya kaiwa ga ƙoramu masu sanyi, abin da zai taimake shi jure ɗumamar yanayi da yawan fari. Daga mutuwar kifin zuwa wannan nasara shekara 22 ke nan. Lalle sannu ba ta hana zuwa.

Jama'a, mu dawo gida. Garinmu a gaɓar Kogin Haɗejiya yake. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta canja. Ambaliyar damina da ke cika fadamu ta ragu, ruwa kuma ya riƙa gudana har da rani, kachalla ta sami wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa, ta zama maɓoyar jan-baki. Wasu garuruwan ruwa ya yi musu yawa, wasu kuma ko ɗigo ba ya isa gare su. Ga kuma damina ta rikice, kamar yadda ambaliyar 2022 ta nuna mana. Masuntanmu da a da suke cika kwale-kwale da tarwaɗa da karfasa da bargi, yau 'ya'yansu ne muke gamuwa da su a birni suna tura kurar ruwa.

Kada a fahimce mu a baibai. Ba muna cewa a rushe Tiga ba ne. Madatsun Klamath huɗun nan na lantarki ne, su kuwa namu Kano na sha daga gare su, dubban manoman rani kuma da su suka dogara. Abin da muke ɗauka daga labarin shi ne hanya: hujja, da zuwa inda ake yanke hukunci, da haɗa kai.

A nan ne nauyi ya hau kanmu mazauna birni. Masunci da manomi sun san kogi, amma ba su san ƙofar ofis ba. Mu mun san ƙofar ofis, amma mun fara manta kogi. Don haka muna ba da shawara huɗu. A zauna da Sarkin Ruwa da dattawa a rubuta kifayen da suka ɓace da hanyoyin ruwan da suka toshe. Injiniyoyinmu da lauyoyinmu su kai takarda ga Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are a Kano, a nemi a riƙa sanar da lokutan sakin ruwa tun da wuri. A haɗa masunta da manoma da makiyaya da garuruwan maƙwabta a kwamiti ɗaya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sannan a ware kaso daga kuɗin ƙungiya don aikin gayya na cire kachalla kowace shekara.

Iyayenmu sun bar mana kogi mai rai. Za a tambaye mu abin da muka bar wa na baya.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya ba mu damina mai albarka, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, amin.